Ƙafafun Rumbun Iya Tabawa

Ka san abin da ya sa gara ke tsallake jan katako? A tsakiyar wasu itatuwa akwai wani sinadari mai ɗaci da bauri. Shi ke mai da cikin itacen ja, shi ne kuma ke korar gara. Farin gefen kuwa, tuwonta ne.

A wani gari can da, wata tsohuwa, Iya Tabawa, ta je wurin masassaƙi. Ta ce, "Ɗan nan, ƙafafu huɗu nake so in ɗora rumbuna. Jan ciki fa, geron shekarata ne zai hau kai."

Ya sassaƙa, ya sassaƙa, da ƙyar ya fitar da ja guda ɗaya, gumi ya jiƙa shi. Ya ce a ransa, "Ja ai ja ne." Ya yanko farare uku, ya dafa karan dafi ya shafe su, har suka fi ta gaskiyar kyau.

Gara ta zo. Ta ɗanɗana ta farko, ta tofar. Ta ɗanɗana ta biyu, ta kira danginta.

Kafin damina ta fita, rumbu ya durƙusa kamar raƙumi. Gero ya watse, kaji suka yi biki.

Masassaƙi ya zo yana sosa ƙeya. "Iya, ai duk jajaye na kawo miki."

"Ni ka rina wa, ɗan nan. Gara ba ta da ido, baki gare ta. Ɗauko gizagonka."

In ka bi ta wurin masassaƙi, roƙe shi ya nuna maka yankakken gungume, ka nemo inda fari ya ƙare.