Gonar da Ba a Buga Gwangwani

Kafin a yi gari a wurin nan, daji ne. Kaka ne ya fara sare shi. Ya dawo daga yaƙi da gatari ɗaya da ƙafa mai ɗingishi. Ya share fili, ya haƙa rijiya, ya kafa bukka. Daga baya mutane suka biyo shi. Yanzu ga makaranta, ga kasuwa, amma ba mai tuna wanda ya fara. Tsohon soja kawai suke ce masa, a bayan idonsa kuma su ce mai taurin kai.

Kaka yana da jika mace 'yar aji huɗu. Sajan yake kiranta, don ba abin da take so kamar ba da umarni.

In hatsi ya fara nuna, tsuntsaye kan sauka kamar an gayyace su. Korarsu aikin yara ne bayan an tashi makaranta. Yaran maƙwabta kan jera gwangwanaye a igiya, su zauna a inuwa suna ja, ƙara na korar tsuntsu. Amma a gonar Kaka akwai doka. Ba a buga gwangwani, ba a buga ƙarfe. Sai dai ka riƙe tsumma, kana gudu kana kaɗawa.

Wannan doka ta ishi yarinyar. Kullum ta dawo gida ƙafafunta na ciwo.

"Mama, me ya sa mu kaɗai muke wahala?"

"Dokar Kakanki ce. Ki bi kawai."

Ta tambayi Baba, shi kuma ya ce ta cika surutu. Manya ke nan. Abin da suke jin kunyarsa sai su binne shi, su bar yaro yana lalube.

Wata rana ta ga tsohuwar gangar ƙarfe a bayan shagon makaniki. Ta tara yaran maƙwabta, suka mirgino ta har cikin gonar Kaka. Ta sami katako ta maka mata. Tsuntsaye suka tashi gaba ɗaya. Daɗi ya kama ta, ta ce a ranta yau ta huta.

Ba ta ga Kaka ba. Yana tafe ta cikin hatsi, ya kawo mata ruwan sha, ɗayan hannunsa riƙe da ƙanenta. Ta ɗaga katakon, ta sake dukan gangar iya ƙarfinta.

"Ku kwanta!" Kaka ya ƙwala ihu.

Ya ture ƙanenta ƙasa, ya faɗa a kansa, ya rufe shi da jikinsa. Ruwan ya zube. Hularsa ta faɗi gefe.

Yara suka fashe da dariya. Ita ma ta yi. Gaskiya ɗaci gare ta, amma yarinyar ce ma ta fara.

Can Kaka ya ɗago kai. Ya dubi gangar, ya dubi katakon da ke hannunta. Ya kakkaɓe wa yaron ƙasa, ya ɗauki hularsa, ya juya gida yana ɗingishi fiye da kullum.

Tun ranar bai sake fita gona ba. Mutumin da ko ruwan sama ba ya hana shi fita, yanzu yana ɗaki, ƙofa a rufe. In an kai masa abinci, sai ya ɗan taɓa ya ture kwanon.

Sai a lokacin Mama ta zaunar da yarinyar. Ta gaya mata cewa a wurin yaƙi wani abu ya fashe kusa da Kaka. Ya lalata masa ƙafa, ya kashe ƙanensa da ke gefensa. Tun daga nan, in ƙara mai ƙarfi ta zo masa ba zato, sai ya ga kamar yana can.

"Mu ma da laifinmu," in ji Mama. "Da mun gaya miki. Amma dariyar fa, taki ce."

A makaranta abin ya zama wasa. Wani ya buga tebur, sauran su zube ƙasa suna cewa a kwanta. Kowace dariya sai ta ji ta har cikin ranta.

Malama ta shigo aji ta tarar da su a ƙasa. Ta tambaye su wannan wane irin wasa ne. Yarinyar ta miƙe, ta faɗi komai. Ba ta ɓoye dariyarta ba.

Malama ta juyo gare ta da tambaya.

"Da ya ji ƙarar, gudu ya yi?"

"A'a, Malama. Ƙanena ya rufe da jikinsa."

"Wato ya zaci mutuwa ce ta zo, shi ne ya sa bayansa. Wannan kuke yi wa dariya?"

Malama ta ƙara da cewa ƙasar da ajin nan yake kai, Kaka ne ya share ta da hannunsa.

Da yamma yarinyar ta tura ƙofar Kaka, ta durƙusa.

"Kaka, ka yafe mini. Na karya dokarka, kuma na yi maka dariya."

Kaka ya ɗago ya dube ta.

"Ƙara na saba da ita, Sajan," ya ce. "Ta kan zo ta wuce. Muryarki da na ji cikin masu dariya, ita ce ta ƙi wucewa."

Ta fashe da kuka. Ya bar ta ta yi mai isarta, sannan ya dafa kanta ya ce ya yafe. Amma ya ce gona kam ba zai je ba, ba ya son a riƙa nuna shi da baki.

Washegari ta yi magana da 'yan ajinsu. Bayan an tashi, suka mayar wa makaniki gangarsa. Kowa ya zo da tsumma. Yaran maƙwabta ma suka kwance gwangwanayensu na gefen gonar. Mama ta roƙi Kaka ya leƙa gonar ko sau ɗaya.

Ya fito a hankali. Ya tarar da gonar cike da yara, suna gudu suna kaɗa tsumma. Da suka gan shi suka tsaya. Ɗaya bayan ɗaya suka zo suka durƙusa suka gaishe shi.

Tsuntsaye sun riga sun cinye gefe guda, wannan kam ba ya dawowa. Kaka ya dube shi ya girgiza kai. Sannan ya karɓi tsumma daga hannun jikarsa, ya shiga cikin hatsinsa yana murmushi.

Daga ranar ta gane cewa in babba ya kafa doka, sau da yawa akwai dalilin da ba a gani. Ta kuma gane cewa ciwon wani ba abin dariya ba ne.