Motar Da Baba Ya Hana A Tayar

"Wannan ta wace ce, Osmany?"

Na ɗaga kafiretar motar da ke hannuna. A ƙarƙashin teburin garejinsa na zaƙulo ta, an naɗe ta cikin tsohuwar riga.

Ya fito daga ƙasan motar da yake gyara, ya dubi abin da na riƙe.

"Yaneisy, rabin raina, ajiye tukuna mu yi magana..."

"Kada ka ƙara ce min rabin ranka! Na ce ta wace mota ce?"



Na juya ta, na nuna masa ɗan harafin M da aka zana a gindinta. Duk unguwarmu ta Cerro a birnin Habana an san wannan harafi. Lokacin da mahaifina, Baba Evelio, ya tayar da tsohuwar motarsa Buick mai buɗaɗɗen sama daga kango, kowane ƙarfe da ya ratsa hannunsa sai ya zana masa farkon sunan mahaifiyata, Migdalia. Bai gama aikin ba ta rasu. Ranar da ya gama ya tayar da injin sau ɗaya, ya kashe, ya lulluɓe motar da tamfol. Tun daga nan ba ta sake tari ba. Ranar baje koli a bayan babbar mota ake kai ta, a buɗe bonet mutane su sha kallo, a maido ta.

"Ta Baba ce," ya ce a hankali.

"Ashe gaskiya Reinier na gidanmu ya faɗa..."

"Reinier ne ya turo ki?" Ya yi wata dariya mara daɗi. "Ki ba ni lokaci kaɗan, Yane. Don Allah. Ba zan iya faɗa miki yanzu ba."

Lokaci! Na zare zoben alkawarin da ya sa min, na dire masa a cikin kwanon baƙin mai, na fice da kafiretar a ƙirjina.

Ina tafe ina kuka, masu jiran motar haya suna bi na da ido. Abin da ya fi ci min rai, wannan zargi ba yau ya fara kwana a zuciyata ba. Ranar da Osmany ya fara zuwa gidanmu, motar ya fara gani kafin ya gan ni. Ya tsaya baki buɗe har kofin da na kawo masa ya huce. Gwaggo Caridad, ƙanwar Baba, tun ranar ta yanke hukunci.

"'Yar nan, ki buɗe ido. Wannan ba ke yake nema ba, makulli yake nema. Ke gyara ce aka ɗora masa a kan ciniki."

Shi ma bai taimaki kansa ba. Duk zaman cin abinci sai ya tayar da maganar.

"Baba, ku tayar da ita ko sau ɗaya a mako. Mota ba hoto ba ce. Zama ke kashe ta, ba tafiya ba."

"A waɗannan ramukan na Habana?" Baba zai buga tebur. "In fitila ɗaya ta fashe, a gidan ubanwa za ka samo wata? Ku ne kuke cusa wa motocin mutunci injin gas na kwale-kwale, kuna loda musu mutum goma da buhun doya. Ba dai tawa ba!"

Reinier kuwa ya gyaɗa kai, ya ƙara wa Baba shinkafa da wake. Shi ne wanda Baba ya tsaya wa a matsayin uba ranar baftisma, a gidanmu ya tashi, shi ke wanke motar duk Lahadi, kuma ya daɗe yana min wani kallo da na ƙi ganewa. A 'yan watannin nan sai nacin Osmany ya ƙaru. "Ku tayar da ita, Baba. Ku murɗa makulli kawai." Ni kuwa na riƙa cewa a raina, wai me yake ci masa rai haka da motar mutane?

Na tarar da su a tsakar gida, Baba da Reinier suna buga wasan domino, Gwaggo na tsintar wake. Na ajiye kafiretar a tsakiyar teburin.

Baba ya ɗauka, ya shafa harafin da babban yatsansa. 

"Ba na faɗa ba!" Gwaggo ta tafa hannu. "Ɓarawo har cikin ɗaka, yana ce maka Baba!"

"Abin bai min daɗi ba, ƙanwata," in ji Reinier, ya dafa kafaɗata. "Amma gara yanzu da bayan aure."

Na zame kafaɗar, na nufi rumfar mota, wadda Baba ke buɗewa in yana tsakar gida, na yaye tamfol, na ɗaga bonet don in ga ramin da aka bari.

Babu rami.

Kafireta na zaune daram a wurinta, tana ƙyalli. Na tsaya ina kallonta. To in an sace waccan, wa ya sa wannan? Wa ya sami natsuwar ɗaure ta, ya goge, har ya shafa mata mai? Osmany bai taɓa shiga rumfar nan shi kaɗai ba. Makullin ƙofar biyu ne a duniya: ɗaya a wuyan Baba, ɗaya a aljihun mai wankin Lahadi.

Na waiwaya wajen teburin.

"Baba," na ce, "ku ba ni makullin mota."

"Me za ki yi da shi?"

"Zan tayar da ita."

"A'a!" Reinier ya yi tsalle har kujerarsa ta kife. "Baba, kada ku yarda! Injin da ya shekara da shekaru a kwance, in aka murɗa shi haka zai ci kansa. A bar ta kawai, ni zan mayar da kafiretar ranar Lahadi, ba sai kun wahala ba..."

Na dube shi. Gumi ne ke tsattsafo masa a goshi, ga iska tana kaɗawa. Mai kaza a aljihu ai ba ya jimirin as.

Baba ma kallonsa yake yi. Can ya miƙe, ya shiga ɗaki, ya fito da makullin da batirin da yake ajiyewa a ƙarƙashin gado. Da kansa ya haɗa wayoyin.

"Murɗa, Yaneisy."

Na murɗa.

Ko ƙas ba ta ce ba.

Na sake. Shiru, sai kukan zakaran maƙwabta.

Baba ya sa gilashinsa ya sunkuya cikin injin. Ya ƙwanƙwasa kik ɗin da ke tayar da inji, ya ji ƙarar gwangwani. Ya kwance murfi ɗaya, babu komai a ciki. Ya kwance wani, haka. Duk kwanson bola ne aka yi wa fenti, babu M ko a ɗaya. Shekara nawa muna goge ƙwarya, ana ɗaukar hoto, ana tafa wa Baba!

"Ɗana," ya ce wa Reinier ba tare da ya ɗago ba, "tun yaushe?"

"Baba... ai... ai ba hawa ake yi ba..."

"Fita."

Gwaggo ta ɗauki wakenta ta shige kicin.

Ni ko takalmi ban gyara ba na koma garejin da gudu. Na samu Osmany zaune a kan taya, ya tsamo zoben yana gogewa da tsumma. Bai ɗago ba.

"Osmany..."

Ya nuna wani akwati da ƙafa. Na buɗe. Ƙarafa ne jere, kowanne da harafin mahaifiyata.

"A wurin masu sayar da kayan gyara na fara ganin ɗaya," ya ce. "Na bi sawu, aka faɗa min mai kawowa. Da ya ji ina tattarawa, sai ya riga ni zuwa wurinki."

"Me ya hana ka faɗa min?"

"In ce wa mai ciwon zuciya ɗan da ya rena ya cinye masa Migdalia gutsure-gutsure? Ni bare? So na yi ya murɗa makulli, hannuna riƙe da abin da zan mayar masa." Ya ɗago, idonsa jawur. "Baba ya zarge ni, ban damu ba. Gwaggo, na saba. Amma ke, Yane? Ko tambaya ta biyu ba ki yi ba."

Wannan magana ta fi mari zafi, don gaskiya ce.

"Na ji tsoro ne," na ce, hawaye na zuba. "Tun ranar farko nake tsoron motar kake so."

"Ke! Motar da ba ta da ko hanji?"

Dariya ta kuɓuce min a cikin kuka. Na durƙusa a gabansa cikin baƙin man nan, na miƙa masa hannu.

"Ka yafe min, abin ƙaunata."

Ya daɗe yana kallon yatsan kafin ya zura zoben.

Da yamma Baba ya zo garejin da ƙafarsa, abin da bai taɓa yi ba. Ya dubi akwatin, ya cire makullin rumfar daga wuyansa ya ajiye a tafin Osmany.

"Abin da ya ɓata ya ɓata. Sa mata duk abin da zai sa ta tafiya."

Sai dai ranar aure ta riga gyara zuwa, rabin injin na nan a kan tebur. A garinmu kuwa amarya a saman kujerar baya ta buɗaɗɗiyar mota take zama, a zaga da ita ana danna hon. Na ce a yi hayar wata. Baba ya ce sam.

Shi ya riƙe sitiyari. Mazan layinmu suka tuɓe kwat suka kama turi, ango a tsakiyarsu, farar rigarsa ta jiƙe sharkaf. Hon kaɗai ke aiki, Baba kuwa bai ɗaga hannu daga kansa ba, yana dannawa yana kuka.

Mutane suna ta ihu, "Amarya, dubi gaba a ɗauki hoto!"

Ban duba ba. Na juya baya gaba ɗaya, na dafa hannuwan nan biyu da ke tura ni.

"Ka gaji?"

"Ke dai zauna da kyau," ya ce yana haki. "Akwai hawa a gaba."