Abin da Baba Ya Gani a Ƙwayar Ido

"Baba, don Allah ka shiga ka duba kawai! Minti biyar!"

Auta na tsaye a ƙofar shagon zane. Sati biyu tana lallashin mahaifinta kafin ya yarda ya taka wajen saurayin da take so. In ya fita yau bai amince ba, magana ta mutu, ta san halinsa sarai.

Mai zanen, saurayin nata, ya durƙusa ya gaishe shi, hannu duk fenti. Bawan Allah, har gwangwanin burushi ya kifar don rawar jiki!

Baba ya tsaya gaban wani babban allo mai zanen fuskar mutum.

"Wannan kuma wane ne?"

"Ni ne, Baba. Kaina na zana."

"To, madalla! Duk jama'ar duniya ka rasa wanda za ka zana sai kanka?"

"Da madubi ake yi, Baba... abin da ka gani shi za ka zana, ba ragi ba ƙari."

Shekara talatin Baba na gyaran agogo, bai iya kallon abu daga nesa ba. Ya ciro ɗan gilashin aikinsa daga aljihu, ya maƙala a ido, ya matsa har hancinsa na neman taɓa fenti. Ya duba kunne, ya duba haɓa. Da ya zo kan ƙwayar ido sai ya tsaya cak.

Can ciki, 'yar mitsitsiya, ga wata yarinya ta leƙo ta bayan madubi tana dariya, har da wushiryarta.

"Wa ya riƙe maka madubin?"

Wayyo! Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ita ba ta ma san ya saka ta a zanen ba!

"Ni ce..." ta faɗa, hawaye shar. "Amma kullum mamarsa na zaune, wallahi! Ina son shi, Baba!"

"Sau uku ina goge ta," in ji mai zanen. "Da na cire ta sai idon ya mutu. Ita ce rabin raina, Baba."

Baba ya cire gilashin, ya share ido da bakin riga.

"Haka mahaifiyarta take dariya, Allah ya ji ƙanta. Ko hoto ɗaya ba ni da shi tana dariyar nan." Ya ja numfashi. "Ka turo iyayenka, ɗana. Amma allon nan, ɗauko min shi, da shi zan tafi."