Kin Ci Abinci?

"Ni ne ko ba ni ba ne?"

Tambayar da ya tare ta da ita ke nan bayan ya amsa sallamarta a ciki-ciki. Auta ta tsaya turus a gaban kantar kemis ɗin, takardar maganin Umma a hannunta. Tunda suke bai taɓa kallonta da irin waɗannan idanun ba.

"Likita, lafiya?"

"Kar ki kira ni Likita yau. Ni mai sayar da magani ne." Ya juyo mata da fuskar wayarsa. "Mutumin nan da ke kashe mata a labarinki, ni ne ko ba ni ba ne?"

Ta yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Haba masoyi... labari ne fa!"

"Bahago ne?"

"...Eh."

"Yana da tabo a girar dama?"

Ta kalli tabon da ke girarsa, ta kawar da kai.

"Yana zana rana da wata a jikin ledar magani saboda waɗanda ba su iya karatu ba?"

"Don Allah ka saurare ni..."

"Kafin ya kashe su, me yake tambayarsu, Auta?"

Ta sunkuyar da kai. Ba sai ta faɗa ba, su biyun sun san tambayar. Ita ce kalmar farko da ya taɓa yi mata, ranar da ta zo karɓar maganin Umma jiri na ɗibarta. Da ita yake buɗe kowace hira tasu, har yanzu da aka sa musu rana. Shi bai iya kalaman soyayya ba, Allah bai ba shi wannan ba. Duk son da yake mata a cikin kalmomi ukun nan yake zuba shi.

Kin ci abinci?

Ba da mugun nufi Auta ta fara ba. Tun da ɓarin jikin Umma ya shanye, bakinta ya karkace, ta daina magana da kowa. Yayyen Auta duk suna gidajen aurensu, jinyar ta dawo kan 'yar auta. Ita ce wanka, ita ce juyi, ita ce ba da abinci a baki. Ta gwada karanta wa Umma labaran soyayya, Umma ta juya fuska bango. Dama can ko da lafiyarta cewa take ƙarya ce tsagwaronta.

Wata rana da hantsi, tana matsa mata ƙafa, sai ta ƙirƙiro labarin wani mutum mai kai wa mata magani gida, duk wadda ta buɗe masa ƙofa ba a sake ganinta da rai. Ta kai daidai inda ya ƙwanƙwasa ƙofar wata bazawara, ta tashi za ta sauke ruwan zafi.

"Sai... me?"

Auta ta daskare a bakin ƙofa. Muryar Umma ce, a shaƙe, a karkace, amma tata ce! Ranar ta yi kuka har kanta ya yi ciwo, sannan ta zauna ta ci gaba.

To amma wane irin namiji ne mace za ta buɗe wa ƙofa ba fargaba? Babansu ya rasu tana goye, ba ta da yaya namiji. Namiji ɗaya ta taɓa ƙare wa kallo a duniya, ta san yadda yake riƙe biro da yadda yake sassauta murya. Da ta nemi mutumin da za a yarda da shi, sai hannunta ya ɗauko wanda ita ta yarda da shi. Marubuci ɓarawo ne, kuma na gida yake fara yi wa sata.

Da a ɗakin Umma labarin ya tsaya, da ba a ji kansu ba. Amma daɗin yabo ya fi zuma. Ta fara sakin shi shafi-shafi a zauren masu karatu na waya, mata suka yi ca a kai. Suka raɗa wa mai kisan suna Mai Tambaya.

"Wayyo marubuciya, ki ji tsoron Allah! Yanzu ko banɗaki sai an raka ni."

"Jiya maigidana ya ce min kin ci abinci, wallahi sai da na saki kofi ya fashe!"

"Ni dai Allah ya yafe min, amma ina son Mai Tambaya. Ina ma ni ya tambaya..."

"Idan kika bari ya kashe nas ɗin nan ba ni ba ke!"

Auta takan karanta wa Umma sharhin, ɓarin bakinta mai rai ya motsa kamar murmushi. Shi kuwa Likita ba ma'abocin karatun labari ba ne, ya san dai tana rubutu, yana sa mata albarka bai san abin da yake sa wa albarkar ba.

Sai ranar da wata ta ɗora hoton ledar magani a zauren. Ga rana a zane, ga wata a gefenta.

"'Yan uwa, ku ga abin da aka ba ni a kemis ɗin layinmu. Kuma wallahi bahago ne!"

Auta ta ga hoton, ta goge shi da sauri, ta ce wa ranta ya wuce. Ina! Magana zarar bunu ce.

"Kin san abin da ya faru ɗazu?" Muryarsa ta dawo da ita cikin kemis ɗin. "Wata ta zo da goyo. Maganin da aka rubuta mata ba a shan sa da yunwa. Na tambaye ta abin da nake tambayar kowa. Ta ƙwala ihu, ta fita a guje, ga takalminta can ƙafa ɗaya."

Auta ta waiga. Silifas ne ja, yana kife a bakin ƙofa.

"'Yan mata suna zuwa ɗaukar hotona a ɓoye. Mai shago ya ce daga gobe in koma sito ina jera kwalaye, sai ƙura ta lafa. Ni da na yi shekaru ina gina yardar mutane..."

"Ka yafe min. Wallahi don na yarda da kai ne..."

"Kika zauna kika kalle ni tsaf, kika ga mai kisa."

"A'a! Ba haka ba ne!"

"To ki daina. Ki kashe labarin nan yau, idan har ina da wata daraja a wurinki."

Hawaye na zuba ta ce, "Na daina. Na yi maka alkawari."

Ta je gida ta rubuta wa masu karatu cewa labarin ya tsaya, kuma babu wani mutum na gaske a cikinsa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

"Ruwa ba ya tsami banza. Ashe da gaske akwai shi!"

"Ko dai ya yi mata barazana ne? Marubuciya, idan kina cikin haɗari ki sa mana alama!"

"Ke dai muguwa ce, kin kai mu tsakiyar kogi kin sauke."

Wannan duk mai sauƙi ne. Da hantsi ya yi, Umma ta zuba mata ido.

"Sai... me?"

"Umma, labarin ya ƙare."

Umma ta daɗe tana kallonta, sannan ta juya fuska bango. Aka kawo abinci ta datse haƙora. Washegari ma haka. Cokali ya yi ta komawa kwano yadda ya fito, wuyanta ya fara ramewa, idanun suka koma irin na farkon ciwon, a buɗe amma babu kowa a ciki.

Auta ta rasa inda za ta sa ranta. Gaba kura, baya sayaki. Ga uwar da ta yi takaba da ita a baya, ga mutumin da ta yi wa alkawari. A ƙarshe ta yi wa kanta fatawa irin ta wanda ya matsu. Ai yaɗawa ya hana, me zai ji idan a ɗaki ne, ita da uwarta?

Ta jawo kujera, ta ci gaba daga inda aka tsaya. Ranar Umma ta ci cokali da yawa.

Shi ma a nasa gidan wuta ke ci. Mamarsa ta ji zancen a bakin maƙwabta, ta ce ba za ta haɗa jini da yarinyar da ta mayar mata da ɗa abin tsoratar da yara ba. Ya durƙusa ya ba ta haƙuri, ya ce kuskure ne, kuma ta yi alkawari ta daina. Ya rantse a kan alkawarin Auta.

Da la'asar ɗin wata rana ya zo duba hawan jinin Umma kamar yadda ya saba. Ƙofar gidan a buɗe take. Ya yi sallama a tsakar gida ba a ji ba, ya matso bakin labule.

A ciki Auta ta yi nisa. Ta kai inda Mai Tambaya ya shiga ɗakin nas ɗin ya mayar da ƙofa. Ta karkata kai gefe yadda Likita yake yi, ta sassauta murya, ta ɗan ja ƙarshen kalmar. Kwaikwayon ya fito sak, don babu wanda ya kai ta sanin asalin.

"Kin ci abinci?"

Sai ta ji ƙarar abu ya faɗi a waje.

Ta ɗaga labule. Yana tsaye, na'urar awon jini a ƙasa, idanunsa sun kaɗa sun yi ja. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi.

"Ashe haka nake faɗa," ya ce a hankali.

"Likita... Umma ce ta ƙi cin abinci... don Allah..."

"Na sani. Ban ce kin yi laifi ba. Uwa ta fi ni." Ya duƙa ya ɗauki na'urar, ya miƙa mata ledar magani. "Wannan da safe, wannan da dare."

Ta duba ledar. Babu rana, babu wata, lamba ce kawai a rubuce.

Ya fita. Ta bi shi har soro tana kiran sunan da ita kaɗai ke kiransa da shi, bai waiga ba.

Da ta koma ɗaki ta faɗa gefen gado tana kuka, sai ta ji hannun Umma mai rai a kanta.

"Na san... shi ne," Umma ta ce da ƙyar. "Tun farko."

Auta ta ɗago a firgice.

"Ba kisan... nake bi ba. Muryar yaron nan... Babanku haka yake... tambayata."

Auta ta rungume ta, kuka ya ƙwace mata gaba ɗaya. Duk wannan jinin da ta yi ta zubarwa a takarda, ashe kalmomi uku kawai tsohuwar ke jira a kowane shafi.

Ba a yi nisa ba aka aiko daga gidansu Likita cewa a dakata da maganar aure. Kowa ya san ma'anar dakatawar. Umma kuma ba ta ga ƙarshen labarin ba. Ciwon ya sake bugunta wata safiya Auta tana shafa mata mai a hannu, kafin a samo mota rai ya yi halinsa.

Gida ya cika da masu gaisuwa. Wayar Auta tana gefe tana ta ƙyalli.

"Allah ya jiƙan Umma. Amma don Allah nas ɗin ta tsira?"

"Idan an share makoki ki taimaka mana da ci gaba, marubuciya."

Ta kife wayar. Ba ta ji haushinsu ba, ita ta koya musu yunwar.

Bayan mutane sun ragu aka ce ana sallama da ita a soro. Ta ja mayafi ta fita tana dafa bango, don rabon da wani abu ya shiga cikinta har ta manta.

Shi ne. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"Ya haƙuri, Auta?"

"Haƙuri sai ma'aiki..."

"Allah ya jiƙan Umma. Uwa ce a wurina."

"Amin. Ta ce muryarka take saurare, Likita. Ba mai kisan ba... kai."

Ya runtse ido. Ya ce ya samu aiki a wani kemis mai nisa, inda ba a san fuskarsa ba, jibi zai tafi. Sannan ya dube ta sosai. Ya ga leɓɓanta a bushe, ya ga yadda take dafe da bango. Ta ga ya gane, ta ga bakinsa ya buɗe.

Sai ya rufe.

"Tambaye ni," ta ce, muryarta na karyewa. "Don girman Allah ka tambaye ni, ko sau ɗaya!"

"Na gwada, Auta. Tun daga gida nake gwadawa." Hawaye ya gangaro ta gefen hancinsa. "Duk lokacin da na buɗe baki, shi nake ji."

Ya duƙa ya ajiye wata leda a kan dakalin soron, ya juya da sauri kamar wanda ake kora.

Ta daɗe a tsaye kafin ta buɗe. Burodi ne mai ɗumi da gwangwanin madara. Ta zame ta zauna a ƙasa, ta gutsura, ta kai baki, ya ƙi wucewa.

"Ban ci ba, Likita," ta ce wa ƙofar da ya bari a buɗe. "Wallahi ban ci ba..."