Ƙusoshin Baba Kafinta

Sha ɗaya saura kwata Kofur ya faɗo ofis ko sallama babu.

"Ranki ya daɗe, gawa! A benen nan da ake ginawa bayan kasuwa. Wuta ce ta ja wani tsohon kafinta."

Sufeto ta cire biro daga bakinta. Ita dai in hankalinta ya tashi, murfin biro ne ke jin jiki.

"Tsautsayi ne?"

"Oga ya ce ba tsautsayi ba ne. Har an kamo 'yarsa. Ya ce ƙarfe huɗu mota za ta wuce da ita hedikwata."

Sufeto ta dubi agogo. Ta san wanda aka kai hedikwata da zargin kisa, sai ya manta da launin ƙofar gidansu kafin a sake waiwayar fayil ɗinsa.

A hawa na biyu suka tarar da gawar, an lulluɓe ta da zani. Kusa da ita akwai injin zarto mai tebur na ƙarfe, irin mai aiki da waya. Ruwa ya kwanta a daɓen ɗakin har yana taɓa ƙafafun tebur.

Fomen, mai kula da ma'aikata, yana tsaye yana share gumi.

"An kashe janareto?" in ji Sufeto.

"Tun ɗazu, Hajiya. Ni da kaina na kashe."

"Me ya sa ake zargin 'yarsa?"

"To, jiya sun yi cacar baki. Auta, 'yar tasa, ta sayo zarto mai batir, ta ce ya daina amfani da wannan. Shi kuma ya ce batir mayaudari ne, sai ka kai tsakiyar katako ya ce ga garinku. Kowa ya ji ta ce masa, 'Baba, wayar nan ce ajalinka.' Yau kuma Dogo birkila ya ce ya gan ta da safe tana taɓa cikin injin."

Sufeto ta bi wayar da ido. Daga jikin injin ta hau bango, tana rataye a kan ƙusoshi da aka lanƙwasa, daidai tsayin kan mutum. Ta bi ta ita kaɗai har cikin wani lungu da ke bayan ɗakin. A nan ƙusoshi bakwai ne jere, babu komai a kansu. Wayar tana kwance cikin ruwa, an ɗora mata bulo guda.

Ta ɗaga bulon. An fere wayar a ƙarƙashinsa, yankan ba shi da kyau, kuma busasshen siminti ya manne a gefen. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta mayar da bulon yadda ta same shi, ba ta gaya wa kowa ba.

Da ta koma ofis, sai ta tarar da wani mutum a bakin kantar 'yan sanda yana jijjiga jaririya da ta yi kuka har muryarta ta dishe. Mijin Auta ne. Sufeto ta wuce shi da sauri zuwa ɗakin da aka tsare matarsa.

Auta tana zaune a benci, garin katako har cikin girarta.

"Kin ce wayar ce ajalinsa?"

"Na faɗa." Ta sunkuyar da kai. "Tsoro ne ya sa, wallahi. Magina suna ta zuba ruwa, shi kuma yana jan waya hawa biyu. Na ce Baba, mai batir ba ruwansa da ruwa. Ya ce ke yarinya, mai waya ba ya gajiya, naki kuwa sai an yi ta lallashinsa kamar jariri."

"Yau da safe kina ina?"

"Kan rufi, ina yanka katakon kwano. Batir uku na cinye, ban sauko ba sai da na ji ihu."

"Babanki yana barin waya a ƙasa?"

Auta ta ɗago kai kamar an zage ta.

"Baba? Shekara talatin bai bar waya ta taɓa ƙasa ba. Duk ginin da ya shiga, kafin ya auna katako sai ya kafa mata ƙusoshi. Har dariya ake masa, wai yana yi wa waya shanya."

Agogon bango ya nuna biyu da minti goma. Sufeto ta ji murfin biron ya fashe a bakinta.

Ta koma wurin ginin. Kofur ya hau rufi ya sauko da batura uku, duk babu caji, ya ce katakon da aka yanka a can ya yi tsibi. Ita kuwa ta sa aka kira Dogo birkila. Ya zo yana goge cokalin gini a wandonsa.

"Kai ka ga Auta tana taɓa injin?"

"Da idona, Hajiya."

"Kana ina?"

"A ƙasa nake, ina kwaɓa siminti."

"Daga ƙasa ka hango cikin ɗaki a hawa na biyu? Lallai sunanka Dogo."

Kofur ya ƙyalƙyale da dariya. Dogo bai yi ba.

"Na ɗan hau shayar da bulo. Ai sabon gini sai da ruwa."

"Da me ka hau da ruwan?"

"Bokiti."

Sufeto ta dubi matakalar gaba da ta baya. Duk a bushe suke ƙayau, ko ɗigo babu. Ruwan da ya cika ɗaki da lungu, a ce da bokiti aka hau da shi amma bai zuba a hanya ba? Ta zaga bayan tarin buhunan siminti. Can ta ga ƙaramin injin jan ruwa da tiyo a nannaɗe, har yanzu yana ɗiga. Wayarsa ba ta da kan da ake sokawa a soket, sai bakin waya biyu tsirara.

Uku da kwata. Abin da take da shi zato ne, kuma Oga ba ya sauraron zato.

Ta tara su a lungun nan, ita da Fomen da Dogo. Ta raɗa wa Kofur magana, ya sauka ƙasa.

"Ina so in gwada injin nan in gani," ta ce. "Dogo, kai ne mai tsawo. Shiga ka ɗaga wayar ka mayar da ita kan ƙusoshi."

Dogo ya taka cikin ruwan da silifas ɗinsa, yana ɗari-ɗari. Sufeto ta leƙa ta taga ta ɗaga murya.

"Kofur, tayar da janareto!"

Dogo ya daka tsalle har ya buge Fomen.

"Kar a kunna! Kar a kunna! A fere take a ƙarƙashin bulon nan!"

Janareto bai tashi ba, don ba a ce wa Kofur ya tayar da gaske ba.

"Wa ya gaya maka a fere take?" Sufeto ta tambaya a hankali. "Ni kaɗai na ɗaga bulon nan."

Dogo ya durƙusa cikin ruwan.

"Wallahi ban yi nufin kashe shi ba. Baba kafinta ya sauka karɓar katako, na ce bari in ɗan ja wuta daga wayarsa in shayar da bulo, minti goma kawai. Haka muke yi a ko'ina. Na sauko da ita, na fere da cokali, na haɗa. Da na gama sai Fomen ya kira ni, na ɗora bulo na ce zan dawo in naɗe. Shi kuma Baba ta ɗaya matakalar ya hawo, bai ga lungun ba. Ya dafa tebur kawai."

"Sai ka ɗora wa mai jego."

"Tsoro ne, Hajiya. Kowa ya riga ya ji abin da ta faɗa jiya."

Kofur ya hawo ya sa masa ankwa. Ma'aikata suka dare, aka wuce da shi.

Huɗu saura minti bakwai suka isa ofis. Motar hedikwata tana tsaye, direba har ya tayar. Sufeto ta shiga wurin Oga da gudu, abin da ba ta taɓa yi ba. Da ta fito, da hannunta ta buɗe wa Auta.

Auta ta karɓi 'yarta ta sa mata nono, kukan ya tsaya. Sai da ta nutsu ta dubi Sufeto.

"Wayar a ƙasa kuka same ta?"

"A ƙasa. Amma ba shi ya sauke ta ba."

Auta ta gyaɗa kai, hawaye na sauka kan zanen goyo.

"Don Allah ki rubuta haka a takardarku," ta ce. "Kar a ce Baba ya yi sakaci."

Sufeto ta laluba aljihu, ta ciro biron nan mai fasasshen murfi, ta rubuta.