Itacen da Ke Tsakiyar Kaburburan Tafkin Gatun

Da la'asar sakaliya, ranar tunawa da matattu, Nicanor ya tura kwale-kwalensa cikin tafkin Gatun, da furanni ƙunshe a ganyen ayaba. Aikin kowace shekara ne. Ƙauyen kakanninsa yana can ƙarƙashin ruwa, da cocinsa da makabartarsa, tun lokacin da aka datse kogi don manyan jirage su samu hanya. Abin da ya rage a sama shi ne kan wani busasshen itace da ke tsaye a tsakiyar kaburbura. A jikinsa ake ɗaure kwale-kwale, a zuba furanni, a kira sunayen na ƙasa don su san ba a manta da su ba.

Tafkin cike yake da irin waɗannan kututturai, duk kamarsu ɗaya ga baƙo. Uwarsa, tsohuwa Felicita, ita ta nuna masa nasu, ta ja masa kunne kada ya nuna wa wanda ba jininsu ba, don masu nutso da zarto suna farautar katakon da ya daɗe a ruwa saboda tsadarsa. To, Nicanor cikinsa ba ya riƙe magana in ya so mutum. Bara ya kai amininsa Tiburcio wurin, tunda shi ya riƙe masa 'yarsa ranar baftisma, kuma a wurinsu wannan zumunci ya fi na uwa ɗaya uba ɗaya. Bana kuwa Tiburcio ya ce zazzaɓi yake yi, ba zai iya rakiya ba.

Nicanor ya isa wurin rana na shirin faɗuwa. Ya duba dama, ya duba hagu. Babu itace.

Ya zagaya ya sake zagayawa. Sai ya ga garin katako ja yana yawo a kan ruwa, ya ji warin man inji. A duniya mutum ɗaya ya nuna wa.

Birai da ke ihu a tsibiri suka yi tsit. Can nesa wani ƙaton jirgi ya wuce, amma igiyar ruwansa ba ta iso ba. Ruwan ya kwanta luf kamar an shafe shi da hannu.

Sai ƙamshin hayaƙin murhu, da na masara da ake gasawa. Daga ƙasa yake tasowa.

Ƙararrawar coci ta buga a cikin ruwa, a hankali.

Aka ƙwanƙwasa gindin kwale-kwalen, daidai ƙarƙashin ƙafarsa.

"Ɗan Felicita," in ji wata murya ta tsohuwa, ƙasa-ƙasa. "Wa ya sare mana inuwa?"

"Ba ni ba ne, Kaka," ya raɗa.

"Wa ka nuna wa?"

Ya sunkuyar da kai. Kunya ta fi tsoron nauyi.

Igiyar da ke gaban kwale-kwalen ta zame cikin ruwa da kanta. Ta miƙe tsaye zuwa ƙasa, ta yi tauri. Gaban kwale-kwalen ya fara dulmiya.

"Tunda babu itace, kai za ka tsaya mana alama."

Ruwa mai sanyi ya kai masa gwiwa. Yatsu farare fat suka kama bakin katako, da yawa, har da ƙanana na yara.

Ya laluba addarsa. Ya sara. Igiyar ta tsinke.

Bai san yadda ya tuƙa ya kai gaɓa ba. Furannin dai sun tafi, kuma ko suna ɗaya bai kira ba.

Bai nufi gida ba, gidan Tiburcio ya wuce a jiƙe. Ya tarar da mai zazzaɓin zaune a baranda yana cin soyayyen kifi da doya, ga sabon inji yana ƙyalli a bayan kwale-kwalensa. Tiburcio bai ma wahalar da kansa da musu ba.

"Haba ɗan'uwa, mataccen ice ne fa," ya ce yana suɗe yatsa. "Matattu sun ci sun ƙoshi. Mu ne ke jin yunwa. Zauna ka ci kifi."

Nicanor ya tsaya yana kallon mutumin da ya ɗauki 'yarsa a hannu a gaban bagadi. Sai ya juya ya nufi gida.

A gida ya samu uwarsa zaune a kujerarta, fitila a kashe. Daɓen ɗakin jiƙe yake sharkaf, da laka da ciyawar tafki har ƙarƙashin gadon da 'yarsa ke barci. Tsohuwar ba ta tambaye shi komai ba.

"Sun riga ka isowa," ta ce. "Sun ce ba su da wurin zama."

Tun daga ranar ɗakin bai sake bushewa ba, ko da rani. Tiburcio kuwa yana barcinsa lafiya har da minshari, kuma injinsa bai taɓa ba shi matsala ba. Mutanen ƙasan tafki ba su san shi ba. Gidan jininsu kawai suka sani.