Ba Gurgun Mai Fitila Ba Ne

"A tsaya! Wallahi a tsaya!"

Ba darakta ne ya yi wannan ihun ba. Siwema ce. Ta keto tsakiyar 'yan kallo a bakin tekun Bagamoyo, takalmi ɗaya a hannu, ɗayan ta baro shi cikin yashi, ta zo ta tsaya ƙiƙam a gaban kyamara tana haki.

A bayanta, ɗan wasan da ke fitowa a matsayin gurgun masunci yana durƙushe da ankwa a hannu, fitilarsa a yashe. Ko daƙiƙa goma bai yi ba da furta, "Ni na kashe ɗan sarki."

Mrisho ya miƙe daga kujerar darakta. Saura sati uku a ɗaura musu aure da Siwema.

"Siwe... muna cikin aiki fa."

"Wa ya rubuta wannan?"

"Zo mu koma gefe, masoyiyata..."

"Kada ka masoyiyata ni! Kashi ashirin da biyar na rubuta da hannuna. A na ƙarshe waziri ne ya yi kisa. Wa ya taɓa min rubutu?"

"Ni ne." Ya share gumi. "Haba Siwe, waziri? Tun kashi na uku kowa ya gano shi! Mai gasa rogon bakin tasha ma jiya ta tare ni tana cewa a kama waziri a huta. Ke ma kin san ƙa'idar irin wannan fim. Wanda aka fara zargi ba shi ba ne. Mai muguwar fuska ba shi ba ne. Mai kisa shi ne wanda 'yan kallo suka fi so!"

"Wanda suka fi so ɗin kakana ne!"

Mai riƙe da sandar ɗaukar murya ya sauke ta a hankali.

Duk Bagamoyo an san haka. Fim ɗin nan mai dogon zango, wanda ke hana mata ɗora tukunya duk ranar Asabar, daga tatsuniyar kakarta Bibi Chausiku ya fito: 'yar aljanin teku da ɗan sarki ya ƙwace wa mayafi don kada ta koma ruwa, gawar ɗan sarkin da aka tsinta da asuba da jan ƙyalle damƙe a hannu, da gurgun masunci mai fitila wanda ya ɓoye yarinyar ya aure ta. Siwema ta ƙara 'yar sanda mai bincike, Mrisho ya ƙara kiɗa da hazo. Bibi da kanta take buɗe kowane kashi, zaune a kan tabarma, tana cewa ga ta nan ga ta nanku irin ta mutanen bakin teku.

Gurgun kuwa, daga tafiyarsa har yadda yake karkata hula, marigayi Mzee Shomari ne, mijin Bibi.

"Fim ne kawai," in ji Mrisho a hankali.

"Fim ne a Dar es Salaam! A nan sunan gidanmu ne. Ranar Lahadi da safe Bibi za ta je kasuwar kifi a riƙa nuna ta da baki. Kuma a ɓoye ka yi! Ka aike ni zaɓen lesin biki, kai kana nan kana sa wa kakana ankwa!"

"Tashar talabijin na jiran kashin ranar Alhamis. In ƙarshen bai girgiza mutane ba, ba zango na biyu. Mutum arba'in ke ci a nan, Siwe."

"To su ci lafiya."

Ta murɗe zoben da ke yatsarta. Ya ƙi fita, don gumi da haushi sun kumbura yatsar. Ta sa haƙori ta zare shi, ta dangwara masa a kan takardun.

"Haɗa da wannan. Wataƙila ya girgiza su."

Ba ta waiwaya ba, ko da ya kira sunanta sau uku.

Ta tarar da Bibi a tsakar gida tana kankare kwakwa. Ta faɗa kan cinyarta ta fashe da kuka, ta zayyana komai, har da na zobe.

Tsohuwar ba ta daina kankara ba sai da ta gama ɓarin da ke hannunta.

"Ya iya labari, yaron nan," ta ce.

"Bibi! Yabon sa ma kike?"

"Na ce ya iya labari, ban ce yana da hankali ba. Kin san me ya gurgunta kakanki?"

"Kwale-kwale ne ya danne shi..."

"Abin da muka gaya muku ke nan." Ta goge hannu da gefen zane. "Shekara hamsin da biyu da suka wuce aka tsinci gawar Nassoro, ɗan wani attajiri mai jiragen ruwa, a bakin tekun nan. Shomari ne mai yawo da fitila, sai aka ce shi ne. Wata takwas yana tsare. Da ƙafa biyu ya shiga, ya fito yana jan ɗaya. Ba su sami hujja ba suka sake shi, amma shekara uku ba mai sayen kifinsa. Sai na fara ba yaran unguwa tatsuniyar gurgu mai kirki. Yaran suka girma suka ba nasu yaran. Da bakina na wanke shi, Siwema, kullum kaɗan-kaɗan, har aka manta."

Siwema ta ɗago ta dube ta. Kafin ta yi magana aka yi sallama a ƙofa.

Mrisho ne, ƙafafunsa duk yashi, takalminta ɗaya a hannunsa.

"Shikamoo, Bibi," ya yi mata gaisuwar da mutanen bakin teku ke yi wa manya.

"Marahaba. Ɓarawon tatsuniya, ka iso?"

"Fita!" Siwema ta miƙe. "Fita kafin in..."

"Zauna, ke!" Bibi ta nuna wa Mrisho tabarma. "A gidan nan, duk yaron da ƙarshen tatsuniyata bai yi masa ba, ba ya zuwa bayan ɗaki ya canza ta. Tabarma yake hawa, ya faɗi nasa a gabana, in yi masa tambaya. In ya amsa, ƙarshensa ya zauna. Hau."

Darakta guda, mai ba mutum arba'in umarni, ya naɗe ƙafa kamar ɗan shekara bakwai. Ya faɗi nasa ƙarshen.

"To," in ji Bibi. "Gurgun ya kashe ɗan sarki. Jan ƙyallen da ke hannun gawar fa? Daga jikin wa aka yago shi? Masunci na ɗaura jan mayafi?"

Mrisho ya sosa ƙeya.

"Ai... don ruɗar da 'yan kallo ne."

"Kashi ashirin da biyar kana nuna musu ƙyalle da kiɗa mai firgitarwa, sannan ka ce wasa kake? Ka faɗi, ɗana."

Siwema ce ta gaya masa sauran, a tsaye, hannu a ƙugu, kowace kalma kamar mari: wata takwas, ƙafar, kifin da ya ruɓe ba mai saye. Mrisho ya sunkuyar da kai har haɓarsa ta taɓa ƙirji.

"Wallahi ban sani ba... Bibi, ki yafe ni." Ya ciro waya ya kira mai tace hoto. "Hamadi, goge fitowar yau. Duka. E, na san Alhamis! Na ce ka goge!" Ya kashe, ya dubi Siwema da jajayen idanu. "A mayar da waziri. In tashar ta kore mu, ta kore mu. Gara in koma ɗaukar hoton biki da in rasa ki."

"Waziri ba daɗi," in ji Bibi. "Ni ma na gaji da shi."

Duka suka juyo.

"Ka ce mai kisa shi ne wanda ba a zata ba, wanda kuma aka fi so. Wa ke zaune gaban mutane duk Asabar, suna kallon ta, ba wanda ya taɓa tambayar ina ta san labarin?"

"Bibi, a'a!" Siwema ta kama hannunta.

"Tsohuwa mai tatsuniya ita ce 'yar aljanin, ta tsufa. Ya ƙwace mata mayafi, suka yi kokawa a kan dutse, ta ture shi. Ƙyallen nata ne. Gurgun ya sani, ya yi shiru, ya ɗauki dukan."

Mrisho ya dafe kai. "Subhanallahi... komai ya zauna! Har ƙyallen!"

"Ya zauna a ina?" Siwema ta daka masa tsawa. "Yanzu kuma kakata za ka sa wa ankwa? Ita za a nuna a kasuwa!"

"A nuna ni mana," in ji Bibi. "Ina da rai, ina da baki, duk wadda ta nuna ni zan ba ta amsa. Shi yana kabari, wa zai amsa masa? Ke kuma karɓi zobenki. Namijin da zai hau tabarma ya ce ya faɗi, ba kullum ake samun sa ba."

Mrisho ya ciro zoben daga aljihu.

"Siwe... hasken idona. Ba zan ƙara taɓa ko ɗigo a rubutunki ba sai kin sani."

"Ko ɗigo?"

"Ko ɗigo."

"Ban huce ba fa."

"Na sani. Ki huce a gidana."

Ta harare shi, hawaye na zuba, amma ta miƙa yatsar. Wannan karon zoben bai yi gardama ba. Bibi ta ja kwanon kwakwarta tana cewa wanda ya ɓata wa jikarta rai sai ya ci shinkafarta kafin ya tafi.

Sai aka sake sallama.

Wata mace ce, za ta haura hamsin, cikin baƙar abaya mai tsada, mota na jiran ta a waje. Ba ta dubi Siwema ba, ba ta dubi Mrisho ba.

"Ke ce mai tatsuniyar talabijin?"

"Ni ce."

"Sunana Raya, 'yar Nassoro. Ina goye aka kashe mahaifina." Ta buɗe jaka ta ciro wani ƙunshi, ta warware. Wani ƙyalle ne da ya koɗe, amma har yanzu ana gane ja ne. "Kakata ce ta ɓamɓare wannan daga hannunsa kafin 'yan sanda su iso. Ba wanda ya taɓa ji a waje, ko mutum ɗaya. To ke, ina kika san da shi?"

Siwema ta juya ta dubi kakarta.

Bibi Chausiku ta ajiye kwanon a hankali, ta gyara zama, ta shafa gefen tabarmar da tafin hannu.

"Shigo ki zauna, 'yata," ta ce. "Kusan shekara hamsin ina ba da wannan labarin, sai yau mai shi ta zo."